Zomon da ya rasa abokin zama

 Darasinmu na yau a kan wata ƙaramar dabba ne, wadda ba a sa ta cikin lissafi idan ana ƙidayar dukiyar gida. Muna nufin zomo.

A cikin garin Maraɗi, ko Bagalam ne, ko Mokoyo, ko Sabon Gari, ko Zariya, gidaje da yawa suna da zomaye a wani lungu, bayan ɗaki ko kusa da akurkin kaji. Haka abin yake a Tibiri da Jiratawa. Yawanci na yara ne. Yaro ya tara kuɗin barka da salla, ya sayo guda biyu, ya raɗa musu suna, kullum da marece ya tafi yankan ciyawa dominsu. Sai wata rana ɗaya ya mutu, ko kare ya kama shi, ko a yanka wa baƙo. Wanda ya rage sai ya koma ƙuryar ɗakinsa ya takure. A zuba masa abinci, ya sunsuna ya bari. Kafin kwana uku shi ma ya bi ɗan uwansa. Manya su ce baƙin ciki ne ya kashe shi, yaro ya yi kuka, a manta.

Akwai gaskiya cikin maganar manya, amma ba ta cika ba. Kewa ce ke hana zomo cin abinci, rashin cin abincin kuwa shi ke kashe shi. Tsakanin waɗannan biyu akwai ƴan kwanaki, kuma a cikinsu mai kiwo yana da abin yi.

Zomon gida dabam, zomon daji dabam

Da Hausa sunansu ɗaya, shi ya sa muke yi musu kuɗin goro. Zomon da mafarauta ke tayarwa cikin sabara da kalgo, wanda aka ce kowa ya ci shi ya ci gudu, shi kaɗai yake yawo. Ba ya gina rami. Ƴaƴansa da gashinsu ake haihuwarsu, idanu a buɗe. Zaman kaɗaici bai dame shi ba, don haka aka halicce shi.

Zomon gida kuwa asalinsa ba na ƙasarmu ba ne. Kakanninsa daga ƙasashen Sifen da Fotugal da kudancin Faransa suka fito. Can cikin daji suna zama ne jama'a guda, cikin ramummuka masu ƙofofi da yawa, kamar gida mai sassa. Ana haihuwar ƴaƴansu tsirara, idanu a rufe, sai wajen kwana 10 suke buɗewa. Bambancin ya kai har zomon gida da na daji ba sa haihuwa tare, ko an haɗa su wuri ɗaya.

Wanda ya taɓa zama ya kalli zomaye biyu da suka saba, ya ga abin da muke faɗi. Ɗaya yana lasar kan ɗaya, yana share masa idanu da kunnuwa, wuraren da harshensa ba ya kaiwa. Suna kwanciya jiki da jiki ko da wurin yana da faɗi. In ɗaya ya miƙe ƙafa yana hutawa, ɗayan yana saurare. In ya ji motsin da bai yarda da shi ba, sai ya buga ƙasa da ƙafar baya, kowa ya ruga rami. To, ranar da aka ɗauke ɗaya, wanda ya rage ya rasa mai yi masa wanka, ya rasa mai yi masa gadi. Duk motsin gida shi kaɗai zai saurara, dare da rana.

A shekara ta 2008 wasu masana a ƙasar Birtaniya sun buga sakamakon wani gwaji. Sun sa wa zomaye ƙofa wadda sai an tura take buɗewa, suna ƙara mata nauyi kaɗan kaɗan. Wani lokaci abinci ne a bayan ƙofar, wani lokaci wani zomo ne a bayan raga. Suka tarar wahalar da zomo ke sha don ya isa kusa da ɗan uwansa ta yi kusa da wadda yake sha don ya isa ga abinci.

Mu mutanen Maraɗi mun san akuya, har duniya ta san mu da jar akuya. Kowa ya san in aka raba ta da sauran, tana ta kuka sai unguwa ta ji, sai an waiwaye ta. Zomo ba shi da wannan gata. Dabba ce da kowa ke farauta, ta sama da ta ƙasa, saboda haka ɗabi'arsa ce ya ɓoye ciwo da damuwa. Shiru yake yi. Sai mai kiwo ya sa ido.

Tambayar farko: me ya kashe ɗayan?

Kafin mu ce kewa ce, mu tabbatar ba ciwo ba ne. Sau da yawa abin da ya kashe na farko shi ne ya kama na biyu, mu kuwa muna ta rarrashi.

In an yanka shi ne, ko an sayar, ko kare ko muzuru ya kama, to, ba maganar cuta. Sai dai a duba jikin wanda ya tsira ko da rauni a ƙarƙashin gashi, a toshe inda ɓarawon ya shigo, domin zai dawo.

In cikin bazara ne, a fara zargin zafi. Zomo ba ya gumi kamar mutum, ta kunnuwansa yake rage zafin jiki. Ya fi jin daɗi tsakanin digiri 15 zuwa 21. Daga digiri 30 ya soma wahala, ya rage ci. In aka haura 35 yana iya mutuwa. A nan kuwa cikin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa. Kejin da aka rufe da kwano, rana tana dukansa da azahar, tanda ce. Zomon da ya miƙe yana haki, baki a buɗe, hanci a jiƙe, zafi ne ya kama shi. A kai shi inuwa nan take, a shafa masa ruwan randa a kunnuwa. Kada a tsoma shi cikin ruwa.

In cikin damina ne, zomayen kuma ƙanana ne, ga zawo, ga kumburin ciki, ga rama, to, galibi ciwon hanji ne wanda dattin ɗaki da laima ke yaɗawa. Yana da magani wajen ma'aikatan kiwo.

Akwai kuma wata cuta da ya wajaba kowane mai zomo ya san da ita. Zomo yana cikin ƙoshin lafiya da ƙibarsa da dare, da safe a iske shi matacce, wani lokaci da jini a hanci. An fara ganinta a ƙasar Sin a 1984. Wani sabon nau'inta ya ɓulla a Faransa a 2010, kuma a 2020 an ba da labarin ɓarnarta a Nijeriya. Mun san yadda kaya da dabbobi ke kai da kawowa tsakaninmu da Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya, saboda haka ba abin da za mu ce ya yi mana nisa ba ne. Ba ta kama mutum. Ba ta da magani, sai allurar rigakafi. Ƙwayarta tana daɗewa a jikin keji da kasko da takalmi har wata uku ko fiye. Wanda zomonsa ya mutu farat ɗaya haka, ya binne gawar cikin rami mai zurfi inda kare ba zai tono ba, ya ƙone shimfiɗa da ragowar abinci, ya wanke ɗakin da kwanukan da ruwan jabel, awo 1 cikin awo 9 na ruwa, ya bari minti 10 kafin ya ɗauraye. Ya sanar da ma'aikatar kiwo. Kada ya ba maƙwabci aron zomon da ya rage, kada kuma ya kai shi kasuwa.

In dai an tabbata ba cuta mai yaɗuwa ba ce, masu kiwo da yawa sukan bar gawar awa ɗaya ko biyu tare da wanda ya rage. Ya sunsuna, ya tura da hanci, daga baya ya janye. Sun lura wanda aka yi wa haka ba ya daɗewa yana neman abokinsa lungu lungu. In akwai shakka kan abin da ya kashe shi, a ɗauke gawar nan da nan.

Cikin zomo ba ya son tsayawa

Hanjin zomo kamar injin niƙa ne da ba a kashewa. Dole ciyawa ta riƙa shiga, kashi ya riƙa fita. Lafiyayyen zomo yana zubar da ƙwayar kashi 200 zuwa 300 a yini da kwana, busassu, girmansu ɗaya. In ya daina ci, hanjin ya yi sanyi, abin da ke ciki ya bushe, iska ta taru. Ciki ya yi ciwo, ciwon ya ƙara hana shi ci. Ga shi zomo ba ya iya amai. Akuya ko tunkiya ta yini ba ta ci ba, gobe ta tashi. Zomon da ya yi awa 12 bai ci ba, bai yi kashi ba, yana cikin haɗari, kuma kwana ɗaya zuwa biyu sun isa su kashe shi.

Saboda haka aikin farko na mai kiwo shi ne shara. Da marece a share ɗakin zomo tas. Da safe a duba ƙasa. In an ga kashi da yawa, manya manya, alhamdu lillahi. In ya ragu, ko ya ƙanƙance ya yi baƙi, cikin ya soma tsayawa. In babu ko ɗaya, ranar nan ba ranar jira ba ce.

A nan iliminmu na karatu da rubutu yake da amfani. A samu shafi guda a bayan littafi, a rubuta ranar da ɗayan ya mutu. Kowace safiya a rubuta kwanan wata, a rubuta ya ci ko bai ci ba, ya sha ruwa ko bai sha ba, kashi da yawa ko kaɗan. In ta kai ga zuwa wajen likitan dabbobi, wannan takarda ta fi dogon bayani. Yaron da ke makaranta ya iya riƙe ta, uwa ko uba su riƙa dubawa.

Wani lokaci za a ga kashi mai laushi, a cure, yana sheƙi. Wannan ba zawo ba ne. Zomo yana fitar da shi, galibi da dare ko da sassafe, ya sake cinye shi, don akwai abin gina jiki a ciki. In ana yawan ganinsa a zube bai ci ba, mai yiwuwa dusa da hatsi sun yi masa yawa.

Yadda za a jawo shi ga ci: a kawo masa ɗanyen ganye mai ƙamshi, wanda aka san yana so tun da. Ganyen karoti, ganyen dankali, zogale, yaɗiya. A wanke, a ba shi da laimarsa, don ruwan ya shiga cikinsa. A miƙa masa da hannu, a taɓa masa leɓe da ganyen. Sau da yawa haushi ke sa ya ciza, in ya ciza kuwa sai ya tauna. A ajiye ruwa mai sanyi cikin kasko mai nauyi da ba zai kifar ba. Maganar da ake yi cewa zomo ba ya shan ruwa, ba gaskiya ba ce. Zomo mai kilo 2 yana iya shan rubu'in lita a yini, in da zafi ma fiye. In ya ƙi ci sam, kuma cikinsa da laushi, ana iya daka ganye da ruwa a ɗura masa kaɗan kaɗan ta gefen baki da sirinji marar allura. Amma in cikin ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, yana cizon haƙora da ƙarfi, kada a ɗura masa komai. A kai shi wajen likita.

Gargaɗi guda, kuma muna roƙon a karanta wa wanda bai halarci darasi ba. Kada a sayi kafso wajen mai tebur a buɗe a zuba wa zomo cikin ruwa, kamar yadda wasu ke yi wa kaji. Magunguna irin su amokisilin da ampisilin, in zomo ya sha su ta baki, suna kashe ƙwayoyin da ke narka masa abinci, zawo ya kama shi ya mutu. Abin da ya warkar da mutum ko kaza yana iya zama ajalin zomo.

Aikin haƙori da aikin ƙafa

In cin abinci ya daidaita, sai maganar yini. Da suna biyu, rabin yininsu a kan junansu yake ƙarewa. Yanzu wannan lokaci ya zama fanko. Zomon da ba shi da abin yi yakan koma cizon waya, ko tsige gashin jikinsa, ko kewaya keji ba dalili, ko ya zauna wuri ɗaya kamar dutse. Maganin wannan ba sai an sayo shi ba. Abu uku zomo ke yi a daji: ya nemi abinci, ya yi tona, ya ɓuya. Mu mayar masa da su.

Haƙoransa 28 ne, kuma ba sa daina tsiro har ya mutu. Na gaba suna ƙaruwa wajen milimita 2 kowane mako. Tauna ce ke rage su. Ke nan busasshiyar ciyawa ita ce abincinsa, ita ce kuma sana'arsa. Kada ta yanke masa dare da rana: harawa, ganyen gyaɗa, gadagi, komayya, ƙyasuwa, duk wadda ta bushe da kyau ba ta yi fumfuna ba. Kowace rana a ba shi dami kamar girman jikinsa. Dusa kuwa ɗan tafin hannu ya isa. Wanda ya cika wa zomo kwano da dusa, minti kaɗan ya cinye, sauran yinin ya zauna yana kallon bango.

Dabarar ita ce kada abinci ya zo masa a sauƙaƙe. A ɗaure zogale ko ganyen dankali da zaren kaba, a rataya daidai inda sai ya miƙe a kan ƙafafun baya zai kai. A cusa harawa cikin tsohuwar ƙwarya da aka huda, a ɓoye ɗan guntun karoti a tsakiya, ya yi ta juyawa. A warwatsa ganye wuri uku ko huɗu maimakon a tara wuri ɗaya. A sa masa karan hatsi busasshe, da reshen zogale, da reshen magarya da aka cire wa ƙaya, ya yi ta ɓare ɓawo. Tsohon faifai da guntun tabarmar kaba da mata suka yar, wajen zomo abin wasa ne na mako guda, muddin ba a rina su ba. Kada a zuba masa duka rana ɗaya. Yau wannan, jibi wancan, domin abin da ya saba gani ba ya ɗaukar hankalinsa.

Mutanen Jiratawa sun fi kowa sa'a a nan. Gandarin da aka kafa musu tun farkon shekarun 1980, da garake na bakin gulbi har zuwa Tibiri, ba sa rabuwa da ɗanyen ganye ko da rani. Abin da masu garka ke zubarwa, ganyen karoti, ɓawon shu, salatin da ya tsufa, karan zogale bayan an tsige ganye, duk abincin zomo ne. Sai dai a tambayi mai garka yaushe ya fesa maganin ƙwari. In kwanan nan ne, a haƙura. Shu da salati kaɗan ake bayarwa, don suna kawo iska da zawo. Duk sabon ganye a fara da kaɗan, a duba kashi washegari, sannan a ƙara.

Akwai waɗanda ba a ba shi ko kaɗan: tumfafiya, zurma, zaƙami, duman kada, bini da zugu, ganyen tumatir, albasa. A koya wa yara su gane su, tun da su ke zuwa yankan ciyawa. A kuma tsince leda daga inda zomo ke yawo. Yadda take kashe awakinmu, haka take toshe hanjin zomo.

Sai tona. Wanda ke kiwo a ɗakin ƙasa, zomonsa ya riga ya sami wannan, kuma ramin yana kare shi daga zafin bazara. Sai dai a kula kada ramin ya fita waje ko ya ci gindin katanga, a kuma tabbatar ruwan damina ba zai cika shi ba. Wanda ke kiwo cikin kejin waya, ya samo tsohon daro ko babban kasko, ya cika da yashi mai tsabta, ya yayyafa ruwa, ya binne guntun dankali a ciki. Zomo zai tona, ya tura yashi da ƙirji, in ya gaji ya kwanta a kan sanyin. Cikin kejin ma a sa masa guntun katako ko tabarma inda zai huta, don waya tana cin tafin ƙafarsa.

Wurin ɓuya kuwa, randar da ta fashe ta fi komai. A kwantar da ita a inuwa, a binne rabinta cikin yashi, a riƙa jiƙa bayanta da rana. Ta zama ɗaki, ta zama abin sanyaya jiki. Kwali ma yana yi, in an huda masa ƙofa biyu. Zomo ya fi sakin jiki a maɓoyar da ke da mafita ta biyu. Wasu suna cewa in aka ba shi wurin ɓuya ba za a ƙara ganinsa ba. Akasin haka ake gani: wanda ya san yana da inda zai ruga, shi ya fi fitowa fili.

A riƙa sakinsa ya yi gudu. Lokacinsa shi ne bayan asuba kafin rana ta yi zafi, da kuma bayan la'asar zuwa magariba. Da tsakar rana barci yake yi, a ƙyale shi. A rufe ƙofar gida, a toshe magudanar ruwa, a kori kare da kyanwa, wani ya tsaya saboda shaho. Ranar da aka ga ya zabura ya yi tsalle ya murɗa jiki a sama ba wanda ya kore shi, to, hankalinsa ya soma kwanciya.

Zama da shi

Mutum ba zai maye gurbin zomo ba, amma yana rage kewa. In ɗakinsa yana can bayan gida inda ba mai zuwa, a matso da kejin inuwar da ake jin muryar mutane, nesa da hayaƙin murhu. Mai zomon ya riƙa zuwa lokaci ɗaya kullum, ya zauna a ƙasa, ya yi shiru ko ya yi magana a hankali. Kada ya bi shi da kamu. Zomo ne zai zo da kansa ya sunsuna. In ya kwantar da kai ƙasa a gabanka, shafa yake roƙo, irin lasar da abokinsa ke yi masa. A shafa goshi da bayan kunnuwa. Ɗalibin da ke jin kunyar karatu da ƙarfi a gaban jama'a, ga mai saurare ya samu, wanda ba ya dariya.

Mu daina ɗaukar zomo ta kunne. Mun gada, amma ba daidai ba ne. Kunnen cike yake da jijiyoyin jini, kuma in zomo yana lilo ya harba ƙafa da ƙarfi, ƙashin bayansa yana iya karyewa. Hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ɗaya ya tallafi gindi, a manna shi a jiki.

Wasu sukan jefa shi cikin kaji wai don ya sami abokan hira. Kaji suna saransa, suna ɓata masa abinci da ruwa da kashinsu. Ɓeran Masar ma ba abokinsa ba ne, zomo yana iya harbinsa ya ji masa ciwo.

Iyaye kuma su dubi yaron. Shi ma ya yi rashi, wataƙila na farko a rayuwarsa. Maimakon a ce masa don zomo kake kuka, a ba shi aikin: shi ne mai shara, shi ne mai rubutu, shi ne mai neman kara da reshe.

Sabon aboki

Duk abin da muka faɗa a sama na riƙon ƙwarya ne. Zomon da aka kula da shi yana iya kai shekara 8 ko fiye, kuma wannan zama ne mai tsawo ga dabbar da aka halitta cikin jama'a. In da hali a samo masa ɗan uwa. Amma gaggawa a nan tana jawo asara biyu.

In cutar nan mai kisa farat ɗaya ake zargi, kada sabon zomo ya shigo gidan sai bayan wata uku aƙalla, kuma da shawarar ma'aikatan kiwo. In ba ita ba ce, ana iya nema da zarar wanda ya rage ya koma cin abincinsa sosai. Ya fi kyau a saya a gidan da aka sani, inda za a ga uwar da sauran ƴan uwan. In a kasuwa ne, ran Litinin ko ran Juma'a, a duba da kyau: ido garau, hanci a bushe, cikin kunne ba ɓawon ƙazuwa, ƙarƙashin wutsiya ba alamar zawo. In an kawo shi gida, a ware shi nesa har kwana 30. A riƙa fara ba na gida abinci, sannan baƙon, a wanke hannu.

Wane iri za a samo? Maza biyu da suka balaga ba sa zama wuri ɗaya. Daga wata 3 zuwa 4 suke soma faɗa, kuma faɗan har yaga kunne da maraina. Mata biyu suna iya shiri, musamman in tare suka tashi, amma baƙuwa da ƴar gida sai an yi haƙuri. Mace da namiji su suka fi saurin sabawa, sai dai a yi lissafi tukuna. Cikin zomo kwana 31 ne, kuma mace tana iya ɗaukar wani cikin a ranar da ta haihu. In aka bar su tare kullum, haihuwa a kai a kai za ta cinye ta, ƴaƴan su yi ta mutuwa. Wanda ke son ƴaƴa, ya yi musu ɗaki biyu a jere da raga a tsakani, suna ganin juna, suna jin ƙamshin juna, suna kwanciya kusa. In lokacin barbara ya yi, macen ake kai wa namiji, a mayar da ita bayan an gama. In aka kai namiji ɗakinta, faɗa za ta tare shi da shi. Wanda ba ya son ƴaƴa, ya tambayi likitan dabbobi ko zai iya yi wa namijin fiɗiya, kuma ko an yi, a jira mako 6 kafin a haɗa su.

Ranar haɗawa kada a jefa baƙo cikin ɗakin na gida, don zomo yana kishin wurinsa. A fara jera kejinsu, a bar tazarar tafin hannu yadda ba za su ciji juna ta raga ba. Bayan kwana biyu a musanya musu shimfiɗa, kowa ya saba da warin ɗan uwansa. A yi haka mako ɗaya ko biyu. Sannan a fitar da su wurin da ba na kowa ba a cikinsu, kamar zaure ko wani ɗaki da aka share, a zuba ganye tsibi biyu, a tsaya a kansu da faifai a hannu don rabiya. Kada a sa hannu tsakanin zomaye masu faɗa. Ranar farko minti 10 ya isa. Ɗan bi da gudu, da hawan juna, da tsige ɗan gashi, duk neman sanin babba ne, a ƙyale su. In suka cure suna juyi suna cizo, a raba su, a koma jeren keji na wasu kwanaki, a sake gwadawa. Wasu kwana uku sun shirya, wasu sai wata guda, wasu kuwa ba sa shiri har abada, sai a bar su maƙwabta da raga a tsakani.

Idan aka ga suna cin abinci kai da kai, ɗaya ya sunkuyar da kai ɗayan ya lasa, aka kuma ga haka kwana da kwanaki ba faɗa, sai a wanke ɗakin, a sa sabuwar shimfiɗa, da kasko biyu, da maɓoya biyu, a mayar da su tare da safe, ranar da akwai mai zama gida ya riƙa leƙa su har dare.